Gurbi a Tsakiyar Bargo

Ku gyara zama, manya da yara, ku ji wannan misali. Za mu bi shi a hankali, domin ba labarin da ake gaggawa da shi ba ne.

Akwai wata mata a wani ƙauye na gindin dutse, sunanta Afiniki. Tun tana 'yar shekara bakwai mahaifiyarta ta sa mata allura a hannu, ba ta kuwa ajiye ta ba sai da tsufa ya ƙwace. Ita ba tela ba ce. Ba ta da keke, ba ta ɗinka wa kowa riga. Abin da ranta yake so shi ne ƙyallaye, guntayen yadin nan da teloli suke sharewa su zubar. Ranar kasuwa, in ta gama cefane, sai ta bi rumfunansu da tsohon buhu. Da sun hango ta sai su ce ga gara ta iso, kowa ya ɓoye yadin mutane. Ita kuwa sai ta yi dariya, ta ce su gode wa Allah da ya ba su garar da take yi musu shara, ta durƙusa ta tsince abinta.

In ta kawo gida, sai ta zuba su duka a baho ɗaya, sabo da tsoho, ta wanke su tare, domin mai zuba ya zuba, mai tsukewa ya tsuke tun kafin a haɗa su. In sun bushe, ta yanka kowane daidai faɗin tafin hannunta. Ta jera su a tabarma, ta yi ta sauya musu wuri, wannan kusa da wancan, har sai idonta ya kwanta. Sa'an nan ta haɗa su da ɗinkin hannu, ta sa tsofaffin zannuwa a ciki, farin yadi a baya, ta bi da allura layi-layi har ya zama bargo mai kauri. Bargo ɗaya yakan ci mata wata huɗu, wani lokaci biyar. Ba ta taɓa sayarwa ba. In an yi haihuwa ta kai, in an yi aure ta kai, in ta ji wani tsoho yana tari da ɗari ta kai. Mijinta Dogara yakan ce shi ba ya yarda ya rataye rigarsa ya shiga wanka, don kada ya fito ya tarar da hannun rigar a gadon amaryar wani.

Amma akwai abin da yake ci mata rai. Shekara tara da aure, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta lulluɓe jariran ƙauyen kusan duka, nata gadon kuwa ba jariri.

Tana da ƙanwa guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, sunanta Tani, wadda aka aurar a wani ƙauye a hayin rafi, tafiyar rabin yini. Tani ba ta iya riƙe allura ba ko kaɗan. In ta ɗinke ɓarakar zane, sai ka ce kaza ce ta bi ta wurin. Afiniki takan farke ta sake mata, tana yi tana tsokanarta, ita kuwa tana kwance a gefe tana cin gyaɗa. Haka suka tashi, ba a jin kansu.

Ana nan sai mahaifiyarsu ta rasu. Da aka share makoki, mata suka taru a ɗakinta don rabon kayanta, kamar yadda aka saba. Ƙanwar marigayiyar, wadda suke kira Iya Kande, ita ce mai rabo. Aka raba kwanuka, aka raba ɗankwalaye, ba wanda ya ce uffan. Sai aka zo kan wani tsohon zanen saƙi, baƙi mai ratsin fari, irin wanda masaƙa suke yi da siraran layuka takwas a haɗa su da ɗinki. Da wannan zane mahaifiyarsu ta goye su duka biyu. Afiniki ta miƙa hannu, Tani ma ta miƙa hannu. Afiniki ta ce ita ce babba. Tani kuwa a lokacin tana da tsohon ciki na fari, ga gajiya, ga kuka ya kumbura mata ido. Sai ta ce, a gaban dukan matan:

"Yaya, ke wa za ki goya da shi?"

Tani da kanta ta kai hannu ta rufe bakinta, amma magana ta riga ta fita. Afiniki ta janye hannunta, ta ɗora a cinya.

Iya Kande ta dube su, ta ce a ba ta reza. Ta bi ɗinkin tsakiya ta farke shi a hankali, layi huɗu nan, layi huɗu can. Ta ba kowa rabi, ta ce uwarsu ba ta goyi ɗaya ta ajiye ɗaya ba. Kowa ta naɗe rabinta ta koma gidan mijinta, ba su yi wa juna sallama ba.

Afiniki ta yi kuka kwana da kwanaki. Amma ita mace ce mai tsoron Allah, ta san ba daidai ba ne ta kwana da fushi shekara da shekaru. Ta yi addu'a, ta gaya wa Ubangiji ta yafe wa ƙanwarta. Don ta tabbatar wa kanta, sai ta fara wani bargo wanda ya fi duk waɗanda ta taɓa yi. Ta zaɓi ƙyallayen da ta daɗe tana ɓoyewa, da guntun zanen aurenta, da na bikin Tani. A tsakiya ta ɗinka rabin zanen mahaifiyarsu. A gefensa kuwa ta auna daidai faɗin ɗaya rabin, ta bar wurin ba komai, sai farin yadin baya kawai ake gani. Ta ce a ranta, ranar da Tani ta zo ta ce Yaya ki yafe mini, a ranar za ta fito da bargon, su ɗinka rabin nata a gurbinsa, ta ba ta shi ta tafi da shi. Ta ninke bargon, ta sa ganyen darbejiya saboda ƙwari, ta rufe a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado.

Dogara ya ce mata, tun da ta yafe, me zai hana ta ɗauki bargon ta haye rafi? Ta ce ita aka yi wa laifi, kuma ita ce babba. A ina aka taɓa ganin babba ta bi ƙarama da roƙo? Ya ce shi dai ya san hanyar da ta kawo mutum daga can ita ce take kai mutum can. Ta ce ya bar maganar. Ya bari.

Shekara biyar suka wuce. Wata rana da hantsi, cikin damina, Afiniki tana zaune a rumfar tsakar gida tana haɗa bargon jaririn maƙwabta, sai ta ji sallama. Ta ɗaga kai, ga Tani tsaye a bakin ƙofa, ƙafafunta duk taɓo. A bayanta akwai 'yar yarinya da ta isa yaye, haihuwarta ta uku. Majanyin da ta ɗaure yarinyar da shi kuwa, rabin zanen nan ne, baƙi mai ratsin fari.

Da fari murna ce ta taso wa Afiniki. Sai idonta ya sauka a kan majanyin, ta ce a ranta, ashe zuwa ta yi ta nuna mini ta sami wanda za ta goya da shi.

Kun san al'adarmu. In 'yar'uwa ta zo da goyo daga tafiya, kafin ma a gaisa sai a tashi a zagaya bayanta a sauke mata ɗan, a rungume, a yi masa wasa. Hannuwan Afiniki sun so su yi haka. Amma akwai allura a hannunta, sai ta riƙe allurar da kyau. Ta tashi dai, ta ɗauko sabuwar tabarmar da ake shimfiɗa wa baƙi, ta shimfiɗa. Ta kawo ruwa a kwanon baƙi. Ta sa aka yanka kaza. Sa'an nan ta koma mazauninta, ta ɗauki ɗinkinta ta ci gaba.

Tani ta kwance goyonta da kanta. Suka gaisa. Ina gajiya, ya mai gida, ya yara, ya ruwa. Suka yi shiru. Suka sake gaisawa. Tani ta ce bargon nan ya yi kyau, na wane ne? Afiniki ta ce na jaririn gidan Malam Gidiyon ne. Tani ta ce Allah ya raya. Suka yi shiru. Afiniki tana ɗinki, kunnenta a buɗe, tana jiran kalma huɗu kawai. Akwatin yana nan cikin ɗaki, taku biyar daga inda suke zaune. Yarinyar ta rarrafa kan tabarma, ta damƙi wani jan ƙyalle cikin waɗanda aka jera, ta kai baki. Afiniki ta gani ta gefen ido, ta ci gaba da ɗinkinta.

Da rana ta karkata, Tani ta mayar da goyonta, ta ɗaure. Afiniki ta yi mata rakiya har bakin rafi, gama ba ta rage komai daga abin da ake yi wa baƙo ba. A nan Tani ta tsaya, ta ce, "Yaya."

Afiniki ta ce, "Na'am."

Tani ta dubi ƙasa, ta dubi sama. Ta ce, "Hadari yana haɗuwa. Bari in yi sauri."

Afiniki ta ce ta gaida mutanen gida. Ta tsaya tana kallo har suka haye, yarinyar tana waiwayenta, da jan ƙyallen a dunƙule a hannunta.

Daga nan Tani ba ta ƙara zuwa gidan ba. Sukan haɗu a wurin biki ko jana'iza, su gaisa da ladabi kamar surukai. Afiniki ta ci gaba da ɗinki. Ta yi wa fasto, ta yi wa fastocin da suka zo bayansa, ta yi wa 'ya'yan waɗanda ta lulluɓe suna jarirai. Kowace shekara, in ɗari ya wuce, takan buɗe akwatin ta sauya ganyen darbejiya, ta shafa farin gurbin nan da hannu, ta mayar ta rufe. Dogara ya rasu. Iya Kande ta rasu. Idon Afiniki ya fara hazo, har ya zamana sai ta fita rana tsaka kafin ta ga kafar allura, daga baya ko a rana ba ta gani.

Bayan shekara talatin da wannan ziyara, aka aiko cewa Tani ta kwanta kwana uku, ta cika. Aka riƙe hannun Afiniki aka kai ta. Ta zauna cikin masu karɓar gaisuwa, ana ce mata sannu da haƙuri, tana amsawa. Aka dawo da ita gida.

Bayan wata guda, tana zaune a rumfar nan, hannunta ba komai, sai ta ji sallamar wata mace. Matar ta durƙusa ta ce, "Inna, ni ce Saraya, 'yar Tani." Tana da goyo, tana kuma riƙe da ɗan ƙunshi. Ta ce mahaifiyarta ta bar wasiyya, kada a sa wannan cikin kayan rabo, a kawo wa Yayarta hannu da hannu.

Afiniki ta kwance ƙunshin tana lalube. Yatsunta suka gane saƙar tun kafin a gaya mata. Zanen ya yi laushi, ya sirance, bakinsa duk ya zare. A tsakiyarsa ta ji faci, an ɗinka shi da manyan ɗinki karkatattu, irin wanda mutum ɗaya kaɗai ta sani yana yi. Ta ɗora tafin hannunta a kan facin. Ya yi daidai da tafinta, ba ragi ba ƙari. Ta tambaya wane launi ne. Saraya ta ce ja ne, amma ya koɗe.

Sa'an nan Saraya ta gaya mata abin da mahaifiyarta ta faɗa a kwanakin ciwonta. Tani ta ce ranar nan da ta zo cikin damina, ba ziyara ta kawo ta ba. Ta roƙi mijinta wata da watanni har ya yarda, ta zo ne ta kawo yarinyar yaye, ta bar wa Yayarta ita ta riƙe har aure, ta zama tata. Ta ɗaure ta da wannan majanyi da gangan, domin ta miƙa su tare. Kunya ta hana ta sanin ta inda za ta fara, sai ta ce a ranta, da zarar Yaya ta zagayo ta sauke mata goyon, za ta ce, ga wadda za ki goya da shi, ki yafe mini. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jira. Yaya ba ta zagayo ba.

"Ni ce yarinyar, Inna," in ji Saraya. "Mama ta ce duk shekara takan ji labari kin yi wa wane bargo, kin yi wa wance. Ta ce kin lulluɓe duniya duka, ita ko tafin hannu ba ta samu ba. Ta ce kin yi gaskiya, ita ta jawo."

Afiniki ta ce wa Saraya ta shiga ɗaki ta jawo akwatin da yake ƙarƙashin gado. Suka shimfiɗa bargon a tabarma. Launukansa suna nan sababbi kamar jiya aka gama shi, gama rana ba ta taɓa ganinsa ba, bai kuma taɓa rufe kowa ba. Saraya ta ga rabin zanen a tsakiya, ta ga farin gurbin a gefensa, ta gane. Ta ce, "Inna, Mama ta san da wannan?"

Afiniki ta ce, "Ba ta sani ba."

Suka ɗora rabin Tani a gurbin. Bai cika shi ba. Goyon 'ya'ya bakwai da wanki na shekaru sun cinye shi, fari ya rage ta sama, ya rage ta gefe. An auna gurbin ne da zanen wancan lokaci, zanen kuwa bai tsaya jira ba.

Sai tsohuwar ta ce a ɗora mata jaririn a baya. Saraya ta kwanto ɗanta ta ɗora, ta ɗauki majanyin ta zagaya da shi, ta ɗaure a ƙirjin tsohuwar a hankali don kada ya yage. Afiniki ta dafa ƙasa za ta miƙe, gwiwoyinta suka ƙi. Ta sake gwadawa, suka ƙi. Sai ta zauna a nan kan tabarma, tana ɗan jijjiga shi a zaune, hawaye suna zuba a kan ƙullin majanyin. Wannan shi ne goyonta na fari, shi ne kuma na ƙarshe. Kafin damina ta zagayo, ita ma ta bi ƙanwarta.

To, ma'anar wannan misali ke nan, ku kasa kunne.

Zanen da aka farke biyu shi ne zumuncin da Allah ya haɗa mu a ciki, a gida ɗaya ko a ikilisiya ɗaya, wanda kalma ɗaya takan raba. Gurbin da Afiniki ta bari a bargo shi ne gafarar da muke yi a zuci, mu rufe a akwati. Kada wani ya ce Afiniki muguwa ce. Ta yafe da gaske, ta yi addu'a da gaske, ta yi wa ƙanwarta wuri a tsakiyar abin da ya fi mata daraja. Abu ɗaya ta rasa, ba ta bari ƙanwar ta sani ba. Tani ta rayu ta mutu tana zaton ana fushi da ita, alhali kuwa an yafe mata tun shekara talatin da biyar. Bargon da yake cikin akwati bai taɓa hana kowa jin ɗari ba.

Allurar da ta riƙe ranar nan kuwa, ita ce ayyukanmu masu kyau. Wannan ne wurin da ya fi ba ni tsoro. Ba zunubi ne ya cika hannun Afiniki ba, aikin alheri ne. Muna iya zama na fari a zumuntar mata, muryarmu ta fi ta kowa a cikin mawaƙa, mu ziyarci marasa lafiya na unguwa uku, duk don kada hannunmu ya zauna ba komai har ya miƙa wa mutum ɗayan nan da ya ɓata mana rai. Shi kuwa yana can yana jin labarin alherinmu, yana cewa kowa ya samu ban da ni.

Ku lura kuma, kowace a cikinsu ta zo da kyauta ranar nan. Ɗaya tana da bargo, ɗaya tana da 'ya. Kowace ta sa wa 'yar'uwarta sharaɗi a ɓoye, in ta faɗi kaza zan buɗe, in ta yi kaza zan faɗa. Ba wadda ta san sharaɗin ɗayar. Haka miji da mata suke kwana a ɗaki ɗaya kowa yana jiran a fara. Haka wa da ƙane suke noma gonaki biyu masu iyaka ɗaya, shekara goma ba a sha ruwan juna ba.

Afiniki ta ce babba ba ta bin ƙarama. Amma wa ya fi Allah girma? Mu muka yi masa laifi, shi ne kuma babba. Da ya ga dama, da ya shirya mana wuri a sama ya rufe, ya zauna yana jira mu iya bakinmu. Bai yi haka ba. Shi ya taso, shi ya hayo rafin, ya zo cikin Yesu Almasihu tun muna tsaye a bakin ƙofa da taɓo a ƙafa, ba mu san ta inda za mu fara ba. Ya zagayo bayanmu ya sauke mana kayan. Wanda aka yi wa haka, ba shi da sauran bakin cewa ni ne babba.

Na san yanzu da nake magana, akwai sunan da ya faɗo wa kowannenku a rai. Wataƙila kin riga kin yafe masa. Wataƙila ka daɗe da yi mata wuri. To, ita ta sani? Mutane ba sa tsayawa yadda muka bar su. Suna tsufa, suna sirancewa, wata rana za a aiko. Kada a jira ranar biki, kada a jira ya fara. In an tashi daga nan yau, tun rana ba ta karkata ba, a ajiye allurar, a buɗe akwatin, a kama hanya.

Ubangiji ya ba mu ƙafafun tafiya tun gwiwoyinmu suna iya ɗaukarmu. Amin.